Tsohon Mai Mulki Ya Ɗauki Alƙalami: Me Manomin Kura Yake Bin Sa?

Duk ranar da wani da ya taɓa riƙe mulki ya fara rubuta shafi a jarida, akwai tambayar da take riga kowace fitowa daga bakin masu karatu: ina wannan basirar take lokacin da kake kan kujera? Ana yin ta a Legas, ana yin ta a Landan, ana kuma yin ta a teburin mai shayi a Kura da Bunkure, inda ba kasafai takardar jarida take zuwa ba, amma abin da ke cikinta yakan iso ta waya da rediyo tun ba a gama karin kumallo ba. Tambaya ce mai nauyi, kuma masu yin ta suna da hujja. Damuwata ita ce yadda muke amfani da ita. Mukan jefa ta ne mu tashi, kamar an gama shari'a, ba mu tsaya mun ga an ba mu amsa ba. Mai rubutun kuwa hakan ya yi masa daɗi, domin zagi ba ya tilasta masa faɗin komai.

Misalin da ya fi yin ƙara a duniya cikin 'yan shekarun nan shi ne na Boris Johnson, tsohon firaministan Birtaniya. Ranar 9 ga Yunin 2023 ya ajiye kujerarsa ta majalisa. Ranar 15 ga watan wani kwamitin majalisar ya fitar da rahoton cewa ya yaudari 'yan majalisa da gangan game da shagulgulan da aka riƙa yi a fadar firaminista lokacin kullen korona. Washegari jaridar Daily Mail, wadda ta shahara da kanun labarai masu tayar da ƙura, ta sanar cewa ya zama marubucinta na mako-mako. Kwamitin da a lokacin yake duba ayyukan da tsofaffin ministoci suke karɓa ya ce ya karya ƙa'ida ƙarara, domin sai da ya rage rabin sa'a a yi sanarwar sannan ya tuntuɓe su. To, da me ya buɗe shafin? Da labarin allurar rage ƙiba da ya gwada. Mutumin da ya ja ragamar ƙasarsa wajen ficewa daga Tarayyar Turai, ya shugabance ta cikin annobar da ta ci rayukan mutane dubbai, ga shi an ba shi fili a gaban miliyoyin masu karatu, sai ya zaɓi zancen nauyin jikinsa. Masoyansa suka ce gwanin rubutu ya dawo gida, tunda dama ɗan jarida ne kafin siyasa. Waɗanda aka hana su zuwa jana'izar iyayensu saboda dokar da shi ya kafa suka ga cin fuska ne. Ita kuwa jaridar ta samu abin da ta saya, wato sunan da zai sa a buɗe shafi, ko don so ko don haushi.

Mu a Arewa namu misalin ya fi wannan ma'ana, kuma ya fi shi wahalar yanke wa hukunci. Malam Nasiru El-Rufa'i ya yi ministan Abuja daga 2003 zuwa 2007, zamanin Obasanjo, ya bar suna a rusau da kuma gyaran tsarin filaye. Da 'Yar'aduwa ya hau, zama ya gagara, ya fita ƙasar waje, bai dawo ba sai 2010. Daga 2011, yana jam'iyyar CPC ta adawa, ya fara rubutu duk ranar Juma'a a shafin baya na jaridar ThisDay. Ba zancen kansa ya riƙa yi ba. Kasafin kuɗi ya riƙa ɗauka, na tarayya da na jihohi ɗaya bayan ɗaya, yana fasa shi: nawa aka ware wa albashi da hidimar ofis, nawa ya rage wa asibiti da makaranta da noma, nawa jiha take tarawa da kanta, nawa take jira daga Abuja. A watan Yulin 2011 jami'an tsaron farin kaya suka tsare shi a filin jirgin saman Abuja a kan wani rubutu da ya yi game da yadda gwamnati take kashe kuɗi. Wannan tsarewar ta ƙara wa shafin masu karatu.

Yadda aka karɓi rubutun ya rabu. Wanda aka rushe wa gida ko shago a Abuja bai ga dalilin da zai saurari wa'azin tausayin talaka daga wanda ya turo masa katafila ba. Matashin da bai taɓa ganin an baje kasafin kuɗin jiharsa a fili ba, shi kuwa ya ga an buɗe masa ido. Akwai kuma masu cewa duk wannan sharar fage ce, mutumin takara yake nema. Dukansu uku sun faɗi gaskiya, kuma lokaci ya nuna haka: a 2015 ya zama gwamnan Kaduna, ya yi shekara takwas. Abin da ya biyo baya shi ya fi jan hankalina. Masu karatu ba su manta ba. Duk lokacin da gwamnatinsa ta ciyo bashi, ko ta sallami ma'aikata, ko aka gurfanar da ɗan jarida a Kaduna saboda abin da ya rubuta, kamar yadda aka yi wa Luka Binniyat a 2017 da kuma 2021, sai a tono tsofaffin rubuce-rubucen a ajiye su gefen abin da ke faruwa. Mutumin da aka taɓa tsarewa don rubutu, ga shi a zamaninsa ana tsare wani don rubutu. Da bai yi shafin ba, da ba a samu ma'aunin da aka auna shi da shi ba. Ya ba jama'a sandar da za su dake shi da ita, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa in ce gara ya rubuta da ya yi shiru.

Irin wannan ya faru ta ɗaya ɓangaren da Malam Adamu Adamu, wanda shekaru da yawa ya yi yana rubutu ranar Juma'a a Daily Trust kafin Buhari ya naɗa shi ministan ilimi a 2015. Lokacin yajin aikin malaman jami'a na 2013 alƙalaminsa yana tare da ASUU. A 2022, yana kan kujera, jami'o'in gwamnati suka zauna a rufe daga watan Fabrairu har Oktoba. Ɗalibai da yawa daga wannan yankin namu sun yi wannan damina a gona maimakon aji, kuma su ne suka riƙa yawo da tsofaffin kalamansa a waya. Rubutaccen abu ba ya gudu.

Yanzu mu dawo gida. Wanda ya san yankin Kadawa ya san yadda labarin jarida yake shigowa. Da safe ana sauraron sharhin jaridu a rediyo, ana ɗaura injin feshi a bayan babur. Da yamma, bayan an tashi daga ban-ruwa, za ka ga dattawa a zaune a gindin bishiya kusa da kanal, ƙafafu duk laka ta bushe, wani yaro da ya yi karatu a Bayero ko Wudil yana riƙe da waya yana karanto rubutun Turanci yana juya shi zuwa Hausa, yana tsallake inda kalmomin suka yi masa kauri. Kafin ya kai rabi an katse shi. Wani zai ce, ai shi ma ya ci nasa. Wani zai ce, a bar yaro ya ƙarasa, gaskiya ko daga bakin wa ta fito sunanta gaskiya. Na uku zai ce, ku jira ku gani, zaɓe ne ya matso. Daga nan hira ta koma kan wane ne na Kwankwasiyya, wane ne na Gandujiyya, rubutun ya bi ruwa. Ba a tambayi abu ɗaya da ya fi komai muhimmanci ba: shin a cikin abin da aka karanto akwai wani abu da sai wanda ya zauna a ofishin nan ne kaɗai zai iya faɗa?

Wannan ce tambayar da nake so ta zauna kusa da waccan ta farko. Ra'ayi kowa yana da shi. Malamin jami'a yana da shi, ɗan jarida yana da shi, mai shayin ma yana da nasa, kuma sau da yawa nasa ya fi kaifi. Abin da tsohon minista ko tsohon gwamna ya mallaka wanda sauranmu ba mu da shi shi ne sanin abin da ya faru a ɗaki bayan an rufe ƙofa: wa ya kawo shawarar, wa ya ƙi, wace takarda aka ajiye ba a karanta ba, wane ɗan kasuwa ya buga waya da daddare. Wannan sanin ba da kuɗinsa ya saye shi ba. Da albashin jama'a da amanar jama'a ya same shi. Idan ya zo jarida ya bar shi a aljihu, ya tsaya yana gaya mana cewa talauci ya yi yawa kuma tsaro ya taɓarɓare, to ya karɓi fili ne ya sayar mana da abin da muka fi shi sani.

Babu wanda ya fi manomin rani buƙatar irin wannan bayani, domin babu wanda shawarar ofis take juya rayuwarsa kamar shi. Wannan yanki gaba ɗayansa shawarar gwamnati ce ta haife shi. Zamanin Audu Baƙo aka gina madatsar Tiga, aka kammala ta a 1974, aka ja ruwa ta babban kanal zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, da niyyar shayar da hekta 22,000 a kashin farko. Daga 1976 Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya ce take riƙe da aikin. Tun daga nan abin da manomi zai shuka, da farashin da zai sayar, da ko ruwa zai kai gonarsa, duk suna rataye ne a kan abin da wasu suka yanke a Legas da, ko a Abuja yanzu.

A duba jerin abin da ya wuce ta kan mutanen nan. A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, aka ce a noma ta a gida, Kano ta shiga gaba, manoman Kadawa suka cika gonaki da alkama. A 1992 aka ɗage haramcin, alkamar waje ta dawo da arha, wanda ya zuba jarinsa ya koma neman abin yi. A 2016 aka buɗe masana'antar tumatir ta Ɗangote a Kadawa, wadda aka ce za ta iya cinye tan 1,200 a rana, mutane suka ga ƙarshen asarar kaka ya zo. A shekarar nan tsutsar da manoma suke kira sharon ta cinye gonaki, masana'anta ta tsaya, kuma tun daga nan buɗewa da rufewa take yi. A 2017 gwamnatin tarayya ta fito da tsarin ƙara haraji a kan markaɗaɗɗen tumatir na waje, amma kasuwa ba ta daina cika da shi ba. Wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Gafan cikin watan Fabrairu ko Maris ya ga abin da ake nufi: kwanduna jere a bakin titin Zariya, rana tana dukansu, ruwan tumatir yana tsiyaya ta ƙasan kwando, manomi yana bin dillali yana roƙon a saya ko da kuɗin kwando da na mota ne za su fito. Abin da bai samu shiga motar Kudu ba a yanka shi a shanya a ƙasa, iska tana zuba masa ƙura.

Ga shinkafa kuma. A Nuwamban 2015 Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi. A Agustan 2019 aka rufe iyakoki, farashin shanshera ya tashi, injinan casa suka yawaita a Kura, matan da ke turara shinkafa suka samu ciniki, samari suka bar acaba suka kama haya a gona. A Disamban 2020 aka sake buɗe iyakokin. A Janairun 2022 aka tara dalar shinkafa a Abuja aka yi biki. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, wanda ya dogara da injin ban-ruwa ya ga kuɗin fetur ya ninka masa. A Yulin 2024 aka sanar da dakatar da harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, ciki har da shinkafa da alkama da masara. Mai saye a birni ya ɗan numfasa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali. Amma manomin da ya sayi yuriya da kamfa da tsada ya wayi gari buhun shansherarsa ba ya biyan abin da ya kashe.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari mutane ne suka zauna suka yanke ta, kuma da yawansu suna raye, sun sauka, suna da lokaci. Me ya sa aka ɗage haramcin alkama, matsin lambar ƙasashen waje ne ko na masu injinan fulawa ko kuwa lissafin tun farko bai tsaya ba? Me ya hana harajin tumatir aiki, doka ce ba a zartar ba ko sassauci aka riƙa ba wasu ta bayan gida? Su wane ne suka karɓi bashin Babban Banki da sunan manoma, kuma me ya sa kuɗin bai dawo ba? Lokacin da ake shirin dakatar da haraji a 2024, an samu wanda ya ɗaga hannu ya ce a tuna da masu noman rani? Waɗannan tambayoyi suna da amsa. Amsar tana cikin kawunan mutanen da muke kora da zagi duk lokacin da suka buɗe baki.

Kuma ba a nesa suke ba. Alhaji Sabo Nanono, mutumin Kano, ya riƙe ma'aikatar noma ta tarayya daga 2019 zuwa 2021, wato daidai lokacin rufe iyaka. Injiniya Suleiman Adamu na Kazaure ya yi shekara takwas a ma'aikatar albarkatun ruwa, lokacin da ake aikin gyaran kanal-kanal ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 da kusan dala miliyan 500. Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso, maƙwabcinmu na Madobi, injiniyan ruwa ne da ya yi shekaru a hukumar ayyukan ruwa ta WRECA kafin ya shiga siyasa. Ban ambace su don in ɗora musu laifi ba. Na ambace su ne don a ga irin mutanen da, in suka zauna suka rubuta abin da suka gani da abin da suka yi da abin da ya gagare su, manomin Bunkure zai tsaya ya saurara har ƙarshe ko da ba jam'iyyarsu ɗaya ba. Bayanin yadda ake mulki ya zama kamar ruwan kanal ɗin nan namu: na bakin gaba suna sha har ya yi musu yawa, na wutsiya sai abin da ya tsiyayo bayan ciyawa ta tare hanya. Shafin jarida yana iya zama hanyar da zai kai ƙarshe.

Akwai masu ganin cewa tun farko bai kamata jarida ta ba ɗan siyasa fili ba, wai aikin jarida daban, siyasa daban. Tarihinmu bai goyi bayan wannan ba. Azikiwe da jaridar West African Pilot ya fara yaƙinsa a 1937. Awolowo ya kafa Tribune a 1949. Alhaji Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma wasiƙun masu karatu da yake bugawa sun zama majalisar talakawa tun ba a ba su ƙuri'a ba. A nan Kano, jaridar Comet ita ce bakin NEPU, Alhaji Tanko Yakasai ya yi editan sashenta na Hausa yana tsakiyar gwagwarmaya. Abubakar Rimi ya kafa Triumph a 1980 yana gwamna, da Albishir ta boko da Alfijir ta ajami a gefenta. A Kudu, Bola Ige, bayan ya sauka daga gwamnan Oyo ya kuma fito daga gidan yari, ya yi shekaru yana rubutu a Tribune ta ranar Lahadi, har cikin zamanin Abacha da magana take da haɗari. Alƙalami da siyasa tare suka taso a ƙasar nan. Sai dai waɗancan mutanen suna rubutu ne sanye da rigar jam'iyyarsu, kowa yana gani. Mai karanta Comet ya san NEPU yake karantawa. Abin da ya ɓata na yanzu shi ne mutum ya zo da rigar dattijon ƙasa, wai ya gama da siyasa, alhali fam ɗin takara yana cikin aljihunsa.

A Kano ma ba jarida ce babbar mafakar tsohon ɗan siyasa ba, rediyo ce. Tun da aka buɗe Freedom a 2003 tashoshi masu zaman kansu suka yawaita, shirye-shiryen siyasa na dare suka zama kasuwa, aka samu sojojin baka. Wanda ya faɗi zaɓe ko aka sauke shi daga kwamishina yakan sayi minti biyar ya yi magana, ko ya biya a yi masa. Wannan ko ba komai ciniki ne a fili, mai sauraro ya san an biya. Shafin jarida ya bambanta. Jarida tana ara wa marubuci mutuncinta, tana cewa ga wanda muka ga ya cancanci ku ji shi duk mako. Saboda haka nauyin da ke kan edita ya fi na mai sayar da lokaci a rediyo, kuma a nan ne nake ganin masu karatu suna barin wanda ya kamata su riƙe. Suna zagin marubuci, suna ƙyale wanda ya ba shi filin.

Edita yana da abin yi, kuma ba mai wuya ba ne. Ya rubuta a ƙasan shafi muƙaman da mutumin ya riƙe da shekarunsu, da jam'iyyar da yake ciki yau, da kamfanonin da yake da hannu a ciki idan rubutun ya taɓa harkarsu. Tsohon kwamishinan da yake da injin casa yana da 'yancin yin rubutu a kan harajin shinkafa, amma mai karatu yana da haƙƙin sanin injin. Ya tace alƙaluman da aka kawo masa kamar yadda zai tace na ƙaramin ɗan rahoto, kada girman suna ya sa a wuce da ƙarya. Ya ajiye shafin ranar da marubuci ya yanki fam. Mafi muhimmanci, ya buɗe gefen shafin ga masu mayar da martani, ya kuma sa a yarjejeniyarsu cewa marubucin zai amsa. Tambayar nan ta ina kake lokacin da kake kan kujera, a buga ta da sunan mai yin ta da garinsa, da takamaiman abin da yake nufi, wace shekara, wane aiki, wane kuɗi, sannan mako mai zuwa a ga amsa ko a ga an kauce. Kaucewar ma labari ce.

Za a ce rantsuwar riƙe sirri ta ɗaure su. Akwai Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, gaskiya ne, kuma ba wanda yake neman a tona abin da zai jefa soja ko ɗan sanda cikin haɗari. Amma dalilin sassauta harajin tumatir ba sirrin tsaro ba ne. Tun 2011 akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda ta ce asalin bayanin gwamnati na jama'a ne. Abin da yake ɗaure bakin yawancinsu shi ne lissafin gobe: kada a ɓata da ubangida, kada a rufe ƙofar dawowa. Shi ya sa rubutun wanda ya yanke ƙauna da mulki yakan fi na mai jiran kira daɗin karatu, kuma mai karatu yana jin bambancin tun a sakin layi na farko.

Sai maganar harshe, wadda take ci mini rai. Kusan duk waɗannan shafuka da Turanci ake yin su, don 'yan boko da masu mulki su karanta junansu. Mutumin da shawarar ta faɗa wa a ka, sai ta bakin yaron nan mai waya yake jin rabi. Ga Aminiya tana fitowa da Hausa, ga Leadership Hausa, ga tashoshin rediyo da za su karanta rubutu kalma da kalma in an ba su. Ɗan siyasar da ya iya zuwa Kura da Bunkure ya nemi ƙuri'a da Hausa mai daɗi, har da karin magana da kirari, bai kamata ya koma Turanci ba ranar da zai yi bayanin abin da ya yi da ƙuri'ar. Idan bayanin na gaskiya ne, a yi shi da harshen da aka yi alƙawarin.

Su ma masu karatu akwai gyara a wajensu. Haushin da ake ji na gaske ne, wanda ya zubar da tumatirinsa a bakin titi ba a ce masa ya yi sanyi. Amma manoman yankin nan ba tarkace ba ne, suna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a sassa daban-daban, suna da ƙungiyar masu tumatir da ta masu shinkafa, suna zama su yi lissafin kuɗin ruwa da na yashe kanal. Waɗannan ƙungiyoyi za su iya zama su tsara tambayoyi biyar ko shida, su sa hannu, su aika wa duk jaridar da ta ba wani tsohon mai mulki fili, su kuma kai kwafi gidan rediyo. Tambayar da ta fito daga ƙungiya mai mambobi ɗaruruwa, da kwanan wata da sunan shiri, tana da wuyar sharewa fiye da zagi dubu a waya. Da ni aka tambaya wadda za a fara da ita, zan ce a fara da ta 2024: wa ya kawo shawarar buɗe ƙofar shinkafar waje, wane tanadi aka yi wa waɗanda gwamnati da kanta ta shekara tara tana ce musu su faɗaɗa gona, kuma idan ba a yi tanadin ba, wa ya ce a wuce haka nan. Waɗanda suka zauna a wannan taron za su sauka wata rana, wasunsu kuma za su nemi shafi a jarida.